Baƙo Raɓa Ne? Ƙaura da Sauyin Ƙabilu a Ƙasar Sudan



Sa'ad da aka aiko mini da takardar gayyata, aka ce in yi magana a kan yadda ƙaura ke sauya ƙabilun ƙasa, sai na ga in na ce zan kewaye duniya daga Amurka zuwa Malesiya, to za mu kwana a zauren nan ba mu ƙulla kome ba. Saboda haka na ɗauki ƙasa guda, watau Sudan. Na zaɓe ta ne domin ƙasa ce da baƙi suka yi ta shiga tun fiye da shekara dubu, kuma domin a cikin baƙin nan akwai namu. Da wuya a sami tsohon gida a Kano ko Katsina ko Haɗeja wanda ba a ba da labarin wani kaka da ya tafi gabas bai komo ba.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Manufa dai, hantsi na yi baƙo zai ɗauke, a bar mai gida da gidansa. Abin da nake so in nuna yau shi ne karin maganar nan ba ta faɗi gaskiya duka ba. Baƙo yakan zauna, ya haifu, jikokinsa su zama wata ƙabila da ba a san ta ba a ƙasar da ya baro, ba a kuma san ta ba a ƙasar da ya tarar. Sa'an nan abin da ke yanke hukunci a kan ko jikokin nan 'yan gari ne ko har yanzu raɓa ne, sau da yawa ba yawansu ba ne, ba daɗewarsu ba ce. Filin noma ne, da sarauta, da wata rana guda da aka rubuta a cikin doka.

Da yake harshe ne sana'ata, ku yi mini haƙuri in fara da kalmomi. Bahaushe bai tara tafiye-tafiye a kalma ɗaya ba. Akwai ci-rani, wanda mai yinsa ke komawa gida da faɗuwar ruwa. Akwai fatauci, akwai yawon almajiranci, akwai gudun yunwa. Akwai ƙaura, wadda ake tashi da tukwane da tabarmi. Akwai kuma hijira, wadda ake yi don tsira da addini. Bambancin da ke tsakaninsu duka yana cikin niyyar mai tafiya. Amma tarihi ba ya aiki da niyya. Mafi yawan mutanen da zan yi magana a kansu ba su bar gida da nufin ƙaura ba. Hajji suka nufa.

Kafin mu kai gare su, ya kamata mu san gidan da suka tarar, don kada a ɗauka su ne baƙin farko. A bakin kogin Nilu, kudu da Masar, da can daulolin Nubiyawa ne Kiristoci. Larabawa sun gwada cin su da yaƙi a ƙarni na 7 ba su iya ba, aka ƙulla yarjejeniya a 652. Abin da takobi ya kasa, kiwo da ciniki da aure suka yi shi a hankali. A 1317 aka mai da wani babban gini na fadar Dungula masallaci, kuma wajen 1504 daular Funj ta kafu a Sinnar. Jikokin auratayyar nan su ne yawancin waɗanda ke kiran kansu Larabawa a arewacin Sudan, suna riƙe da salsalar da ke kai su Hijaz, alhali jinin Nuba na gudana a jikinsu. A 1821 sojojin Muhammadu Ali na Masar suka ci Sinnar, suka zo da Turkawa da Misirawa da 'yan kasuwa Girkawa. A tsakiyar ƙarnin nan ne kuma Rashaida suka ƙetaro Bahar Maliya da raƙumansu suka zauna a gabas. Bayan rasuwar Mahadi a 1885, halifansa Abdullahi ya kwaso danginsa Ta'aisha daga Darfur ya zube su a Umdurman. To, kun ga mai gidan ma jiya ya sauka.

Hanyar alhazanmu ta ƙasa sananniya ce. Daga Kano a bi ta Barno, a ƙetare zuwa Fot Lami, wadda yanzu ake kira Injamena, a wuce Abeshe, a shiga Darfur ta Adare da Jinaina, a kai Fashir, a kai Ubayyid, a sauka Umdurman, daga nan sai bakin teku, Sawakin ko Bur Sudan, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. A baki tafiyar ba ta da tsawo. A ƙafa kuwa, ga mace ga yara ga jaki, shekaru ake yi. Talaka ba ya tashi da guzurin da zai kai shi. Yakan yi damina a wani gari ya noma, ya sayar, ya ƙara gaba. In malami ne ya kafa tsangaya, in mahauci ne ya kafa tukuba, in wanzami ne ya buɗe zabira. Wani kafin ya tara kuɗin jirgi 'yarsa ta isa aure, ya aurar da ita a zangon da yake. Wani ya sauke farali, a hanyar komowa guzuri ya ƙare. Haka zango ya zama unguwa, unguwa ta zama gari. Wani masani, Bawa Yamba, ya yi nazarin ƙauyukan irin waɗannan mutane ya buga littafi a 1995, inda ya nuna akwai waɗanda aka haifi kakanninsu a Sudan, ba su taɓa ganin Kano ba, ba su kuma kai Makka ba, amma in ka tambaye su sai su ce su matafiya ne, suna kan hanya.

Babbar igiyar da ta fi kowace tasiri ita ce ta 1903. Tun zamanin Shehu Usmanu akwai magana a bakin jama'a cewa ƙarshen al'amari za a tashi a yi gabas a tarbi Mahadi. Da Muhammadu Ahmad ya bayyana a Sudan a 1881, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa. Saboda haka da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya yi gabas, mutane ba su ga baƙon abu ba. Suka yi ta barin gonaki da kasuwanni suna bin sa, sarakai da malamai da talakawa. A watan Yuli aka yi karon ƙarshe a Burmi, cikin jihar Gwambe ta yanzu, aka kashe Attahiru. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, shi ya ja waɗanda suka tsira. Bayan 'yan shekaru suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu kaɗan da Sinnar, suka kafa gari da sunansa. Garin Mai Wurno yana nan, zuriyarsa kuma na riƙe da sarautarsa.

Abin mamaki a nan shi ne, Ingilishi suka guda, Ingilishi suka tarar, domin tun 1898 Turawa suka karya daular Mahadi. Amma Baturen da ya harbe su a Burmi shi ne ya yi musu maraba a Sinnar, kuma ba don tausayi ba. Yaƙe-yaƙe da yunwar zamanin Mahadiyya sun rage mutane ƙwarai, ga kuma bauta ana ƙoƙarin kashe ta, alhali da bayi ake noma a bakin kogi. Gwamnati na neman hannuwa. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman Jazira tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, don a samar wa masaƙun Lankasha auduga. Auduga kuwa ba ta tsinke kanta. Alhazan da ke neman kuɗin jirgi suka sami aiki, labari ya komo gida, wasu suka taso. Daga Jazira aka bazu zuwa Kasala da Tokar, daga baya kuma zuwa manyan gonakin dawa da riɗi na Gadarif.

Amma ku lura da yadda aka tsara zaman. Gonar haya, wadda suke kira hawasha, ta masu ƙasa ce tun asali. Baƙo lebura ne. A shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi, wasu masu gonaki suka watsar, aka ba baƙi suka riƙe. Da kasuwa ta farfaɗo sai aka tuna cewa gona ta ɗan ƙasa ce. Leburori suka zauna a bukkoki a gefen magudanan ruwa, wuraren da ake kira kambo, jam'insu kanabi, ba su da takardar fili, galibi ba makaranta ba asibiti. Mutanen Darfur da na Cadi suka zo suka same su a ciki. An yi kusan shekara ɗari ana haihuwa ana mutuwa a kanabi, a takarda kuwa wurin zama ne na wucin gadi.

Yanzu mu zo kan suna, wanda a ganina nan ne gishirin maganar yake. Mutanen da suka bar ƙasar nan ba ƙabila ɗaya ba ne. Akwai Fulani, akwai Hausawa, akwai Barebari, akwai Zabarmawa, har da mutanen Mali da Sanagal. A gida kowa ya san bambancinsa da ɗan'uwansa, har da wasan da ke tsakaninsu. Da suka isa can sai mai gida ya dube su ya ga abu guda, ya kira su Fallata, kalmar da asalinta sunan da Barebari ke kiran Fulani ne. A gabashin ƙasar da Hijaz kuma aka ce Takari, daga sunan tsohuwar daular Takrur. Watau an sami sabuwar ƙabila a Sudan wadda ba a taɓa yin irinta a Nijeriya ba, kuma ba ita ta raɗa wa kanta suna ba. Sunan bai tsaya a kan asali ba, ya ɗauki ma'anar lebura, baƙo, wanda ba shi da tushe. Fulanin Tulus na kudancin Darfur, waɗanda suka riga Turawa zuwa da nisa, suna da ƙasarsu da sarautarsu, sukan yi ƙoƙarin raba kansu da masu tsinkar auduga. Waɗanda suka yi boko suka shiga birni, da yawa suka bar harshen iyaye suka nemi salsalar Larabci.

Lokacin da nake karatun digirina na uku a ƙasar waje, mun yi shekara guda muna haɗuwa da wani ɗalibi ɗan Sudan a ɗakin karatu, muna gaisawa da Larabci. Ran nan ya ji ina waya da gida, da na gama sai ya matso ya ce mini, cikin murya ƙasa-ƙasa, "Ina gajiya?" Ashe kakarsa Bakatsiniya ce, da Hausa ta rene shi. Na ce don me bai faɗa mini ba tun tuni? Ya ce a inda ya tashi ba abin da mutum ke fara faɗa ba ne. Hausarsa ta tsofaffi ce, mai daɗin ji, amma lissafi da sunayen kayan gida duk da Larabci yake yi. Farfesa Al-Amin Abu Manga ya rubuta littafi guda a kan yadda Hausar Sudan ke rusunawa Larabci, wani kuma a kan Fulatanci, ina shawartar ɗalibanmu na sashen harsuna su neme su.

Kada a ɗauka baƙon karɓa kawai ya yi bai bayar ba. A'isha Fallatiya, wadda ta rasu a 1974, ita ce macen da ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940, sunanta ma ya faɗi asalinta. Naman da ake gasawa da ƙuli da yaji a titunan Sudan sunansa agashe, ba sai na fassara wa kowa a zauren nan ba.

Sai doka. A 1948, da aka fara shirin mulkin kai, aka yi dokar da ta bayyana wane ne Basudane. Aka ce shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba ke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Dokar 1957, bayan samun 'yanci, ta riƙe wannan rana. Ku auna da kanku: Attahiru ya bar Sakkwato a 1903. Da tazarar 'yan shekaru aka rufe wa jama'ar Mai Wurno ƙofar zama 'yan ƙasa na haihuwa, sai dai su nemi takardar wanda aka karɓa, wadda darajarta ba ta kai ta farko ba. A farkon shekarun 1970 aka matso da ranar zuwa 1 ga Janairu, 1924, shekara guda kafin a buɗe madatsar da ta jawo mafi yawan leburori. Sai a dokar 1994 aka mai da ita 1 ga Janairu, 1956. Ba wanda ya motsa daga inda yake a duk tsawon wannan lokaci. Alƙalami ne ya yi ta tafiya, kowane taku nasa kuwa yana mai da dubban baƙi 'yan ƙasa. Duk da haka a ofis ba doka kaɗai ke aiki ba. Akawun da ke karɓar takarda yakan tambayi ƙabila, ya nemi shaidu daga dangin uba, kuma amsar da ta wadatar daga bakin Baja'ale ba ta wadatarwa daga bakin Bafallate.

Za ku so in ba ku adadi. Ƙidayar da ta yi bayanin ƙabilu filla-filla ita ce ta 1955 zuwa 1956. Ta sami mutum miliyan 10 da 'yan kai. Kashi 39 cikin 100 suka ce su Larabawa ne, amma kashi 51 suka ce Larabci suke yi a gida. Tazarar nan ta kashi 12 ita ce ƙabila tana cikin sauyawa, an kama ta a tsakiyar hanya. Ƙidayar 2008 ta sami sama da miliyan 39, amma an cire tambayar ƙabila da ta addini, domin kowa na tsoron amsar. A tsakanin ƙidayoyin biyu 'yan gudun hijirar Iritiriya sun cika Kasala tun daga 1967, farin 1984 ya koro mutanen Darfur da Kurdufan zuwa bayan garin Umdurman, yaƙin kudu na 1983 zuwa 2005 ya tara 'yan kudu a kewayen Hartum har birnin ya sake kama. Sa'an nan ranar 9 ga Yuli, 2011, kudu ta ɓalle da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jama'a. A dare ɗaya kason kowace ƙabila ta arewa ya ƙaru ba tare da an haifi kowa ba, Badinken da aka haifa a Hartum kuwa ya wayi gari baƙo a unguwar da aka yanke masa cibiya. A wannan karon iyaka ce ta yi ƙaura.

Kafin wani ya ce wannan halin mutanen Sudan ne, bari mu leƙa gida kaɗan. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Sunayen unguwannin birni kansu rajista ce ta baƙi: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna. Agalawa daga arewa suka gangaro, daga cikinsu aka sami Alhasan Ɗantata, wa zai ce yau gidansa ba Kanawa ba ne? Birnin ya haɗiye su duka ta hanyar harshe da aure da kasuwa. Amma wanda jirgin ƙasa ya kawo bayan 1911, aka sauke shi a Sabon Gari, jikansa na zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar shaidar asali a ce masa ya koma garinsu. Wasunku da ke zaune a nan ku ke sa hannu a takardun. Mun kuma ga yadda Ghana ta kori baƙi a 1969, mu ma muka kora a 1983, mun ga yadda a 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Barno, aka kai shi iyakar Cadi aka ce ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta mayar masa da ƙasarsa. Ni dai ban ga abin da za mu yi wa Sudan gori a kai ba.

Mu koma can. Tun shekarun 1920 Turawa suka tsara mulkin karkara a kan cewa kowace ƙabila tana da darinta, watau ƙasarta ta gado, da basarakenta da ke raba fili ya yi shari'a. Wanda ba shi da dar, kome daɗewarsa, a ƙarƙashin wani yake noma. Takardar zama ɗan ƙasa ba ta warware wannan ba. A 2022 Hausawan jihar Shuɗin Nilu suka nemi a ba su masarauta tasu a cikin tsarin sarautun gargajiya. Ƙabilun da ke ganin ƙasar tasu ce, irin su Hamaj da Barta, suka ce ba a yi wa baƙo sarauta a kan ƙasar da ba ta kakansa ba. A watan Yuli faɗa ya ɓarke a Rusairis da kewayenta, aka kashe sama da mutum 100, dubbai suka gudu. A watan Oktoba aka sake yi a Wad al-Mahi, aka rasa wajen 200. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Hartum da wasu garuruwa, da sunansu na Hausawa, ba a ɓoye ba. Mutane da yawa a Sudan ranar nan suka fara sanin yawan maƙwabtansu. Ban ce ɓangare guda ne ke da gaskiya duka ba. Manomin Barta da ya ga manyan gonakin gwamnati da na attajirai da ruwan madatsar Rusairis sun cinye filin kakanninsa, yana da dalilin jin tsoron duk wanda ya zo da maganar ƙasa. Amma mutanen da aka ce wa baƙi a 2022, a cikinsu akwai waɗanda kakanninsu suka sauka a bakin kogin nan tun kafin a haifi ƙasar da ake kira Jamhuriyar Sudan.

Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya tashi tsakanin sojojin gwamnati da rundunar ɗaukin gaggawa. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu. Hartum, wadda ta yi shekaru tana tara ƙabilun ƙasar wuri guda, ta watse, kowa ya nufi inda yake da dangi. A Janairun 2025, lokacin da sojoji ke karɓe Wad Madani, an kai wa mazauna wasu kanabi hari bisa zargin sun goyi bayan abokan gaba. A yamma kuwa, Masalit na Jinaina, waɗanda ba mai musun cewa ƙasar darinsu ce, su aka kora a 2023, suka ƙetara Cadi dubu-dubu, wasu Larabawa suka shiga unguwanninsu. Garin da suka sauka a hayin iyaka shi ne Adare, zangon nan da alhazanmu ke yada buzu kafin su shiga Darfur.

Shugaba, na ga ka dubi agogo sau biyu. In akwai tambayoyi ina nan.